Ɗumama irin kuɓewa kafin shuka

A lambuna da ke bayan garin Daura, irin kuɓewa ne ke ba ni wahala, ɓawonsa tauri gare shi. Ga dabarata.

Ƙirga busassun ƙwayoyi 40, ka raba biyu. Sa kashi ɗaya a maikurowef, wato na'urar ɗumama abinci, ka rage ƙarfinta sosai, ka ajiye kofin ruwa a gefen irin a cikin na'urar. Daƙiƙa 10 kacal, malam, kada ka ƙara. Na taɓa barinsa minti guda, irin ya dahu, ko ɗaya bai fito ba.

Sai ka jiƙa kowane kashi daban ya kwana, ka naɗe a ɗanyen tsumma. Bayan kwana 5 ƙirga tsiron. In ɗumamammen ya fi, sannan ka ɗumama sauran irin da za ka shuka.