Darasi na 7: Kwalbar da Ba Ta da Suna

Iyayena da yayyena, ku dubi jarkar da na ɗora a kan tebur. A jikinta akwai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, ya tsaya a kan tsininsa, bakinsa ja, cikinsa fari, hoton baƙi. Irin waɗannan alamu na haɗarin sinadarai guda 9 ne, kuma ko daga Sin aka kawo kayan ko daga Jamus, ma'anarsu ɗaya. Yau uku kawai za mu riƙe.

Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu: guba ce, kaɗan ma tana kisa. Harshen wuta: yana kama wuta, kamar fetur, a nisanta shi da ashana da wurin walda. Ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe: yana cin fata, kamar sodar sabulu da ruwan batir. In ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a nufi asibiti da jarkar a hannu.

Yanzu ga inda kuke tuntuɓe. Jarkar kamfani tana da alama, amma da kun ɗibi kaɗan sai ku juye a kwalbar lemo. Kwalbar lemo ba ta magana. A wani shagon sabulu nan cikin Katsina na ga mai gyaran wutar da aka kira na yini ɗaya, rana ta dake shi, ya ga kwalba a gindin benci ya kai baki. Allah ya sa ya tofar da wuri, amma leɓensa ya saɓule.

Don haka ku ɗauki alƙalami. G. U. B. A. Guba. Baƙaƙe huɗu ne. Baba, G ɗinka ya juya baya, ba komai, sake. Madalla. Ku rubuta sau goma. A kowace roba da kuka juye sinadari, rubuta GUBA da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma sunan abin. Kafin a zuba ake rubutawa, ba bayan an zuba ba. Na sake faɗa: kafin a zuba. Kwalbar abin sha kuwa kada a zuba mata komai.

Makon jiya na zaga shagunanku a Kofar Marusa, na tarar da robobi ba rubutu. Haba! Me muke yi a nan kenan? "Ai na san abin da ke ciki" ba hujja ba ce. Kai ka sani. Ɗan kwangila bai sani ba, leburan da ka ɗauko da safe bai sani ba, wataƙila bai iya karatu ba. Kafin ya ajiye kayan aikinsa, kama hannunsa ka nuna masa: "Malam, wannan guba ce, ga ruwan sha can."

Darasi na 8: Safar Hannu

A sa safar roba. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Darasi na 9

A maimaita darasi na 7.