Kwanan wata a PowerPoint: ku zaɓi Fixed

'Yan uwa masu shirin kare aikin bincike, idan za ku sa kwanan wata a ƙasan shafukanku na PowerPoint, ku rubuta shi da hannunku.

Ku shiga Insert, ku danna Header & Footer, ku yi alama a Date and time. Ku zaɓi Fixed, ku rubuta ranar taron, sai Apply to All.

Kada ku bar shi a Update automatically. Shi wannan agogon kwamfuta yake bi. Duk ranar da aka buɗe, ranar zai nuna.

Ni na gani da idona. Na ari kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu, ina tsaye gaban malamai sai ga tsohuwar shekara ɓaro-ɓaro a allo. Wallahi na ji kunya ƙwarai.

Amma fa idan aka ɗage taron, Fixed ba zai gyara kansa ba. Sai kun koma kun canza.

Wani tsarin shafin kuma ba shi da gurbin kwanan wata. Idan kun danna bai fito ba, ku duba Slide Master, wato babban shafin da ke riƙe da tsarin sauran shafukan.