Darasi na 7: Ƙwayar da ke kashe tsutsar sauro a hankali

Jama'a, yau darasinmu kan ruwan da ke kwance ne, irin na kududdufi da ramin bulo da tsohuwar taya, inda sauro ke zuba ƙwai.

A shekarar 1976 masu bincike suka gano wata ƙwayar bakteriya a wani kududdufi cikin hamadar Negev a Isra'ila, ana ce mata Bti. Idan tsutsar sauro ta ci ta, gubar da ke jikinta sai ta huda mata hanji, kwana ɗaya ko biyu ta mutu. Kifi da kwaɗi da shanu kuwa ba ruwansu, ba ta taɓa su. Har a Afirka ta Yamma an yi aiki da ita, lokacin da shirin yaƙi da makantar da baƙin ƙuda ke kawowa, wanda aka fara a 1974 a ƙasashe irin su Nijar da Gana da Mali, ya riƙa fesa ta a koguna da jirgi mai saukar ungulu don kashe tsutsar ƙudan.

To amma fa akwai matsala, idan ka watsa garin maganin haka nan cikin ruwa, kafin kwana kaɗan ya nutse ya shige taɓo, rana kuma ta lalata saura, alhali ita tsutsar a saman ruwa take kiwo, kun ga an yi asarar kuɗi kenan. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabara: a dunƙule ƙwayar da abin da ba ya nutsewa, a yi ta kamar zobe mai huji a tsakiya, tana yawo a saman ruwa tana narkewa kaɗan-kaɗan. A Amurka ana sayar da irinta da sunan Mosquito Dunks, guda ɗaya tana aiki kusan kwana 30 a ruwa mai faɗin kamar mita 3 sau 3.

Yadda ake yi ba wuya. Ka duba faɗin ruwan tukuna, zurfi ba shi ne abin lura ba. In ruwan ƙarami ne ka gutsura rabi ko kwata. Ka zura igiya ta hujin ka ɗaure a jikin turke don kada iska ta kai ta gefe ko ruwan sama ya tafi da ita. Ka rubuta ranar da ka saka a bango, wata ya cika ka sake.

Kar wani ya ce an yaudare shi don ya ga sauro na tashi da dare, wannan ba ta kashe babban sauro sam, gidan sauro na nan daram a kan gado. Randa da durom na ruwan sha kuma murfi kawai suke so.

Aikin gida: ka zagaya gidanka ka rubuta wurare 3 da ruwa ke kwanciya, ka nuna wanda za a zubar da wanda sai an saka magani.