Yadda ake canza fad ɗin birkin motar gudu a Kaduna, da lissafin abin da zai ci

Ƙanina ya sayo Ford Mustang 'yar Beljiyam, ja, mai ƙofa biyu, irin wadda idan ya tayar da ita da asuba duk layin sai an san ya fita. Wata huɗu da sayenta ta fara wani ƙara siriri in an taka birki, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Shi kuwa ya saba da tsohuwar Corolla ɗinsa, wadda ake canza wa fad, wato ɗan falankin da ke matse diskin birki don mota ta tsaya, a bakin titi kafin ya gama shan shayi. Da aka yanka masa kuɗi sai ga wayarsa: "Yaya, wai birki za a gyara ko inji za a sauke?" Na ce masa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Muka bi abin daki-daki, kuma hanyar da muka bi ce zan shimfiɗa a nan.

Da farko ka tabbatar fad ɗin ne ya ƙare. Ba kowane ƙara ne mutuwar fad ba. Ƙurar hunturu tana sa birki kuka, ruwan damina yana sa diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya yi tsatsa cikin dare ya yi ƙara da safe, wasu fad ɗin motocin gudu kuma haka halinsu yake kafin su ɗauki zafi. Kunna fitilar wayarka ka leƙa ta tsakanin rim. Sabon fad kaurin namansa kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya dawo wajen milimita 3, lokaci ya yi. Amma leƙe ba ya wadatarwa, domin na waje kawai kake gani, na ciki kuma sau da yawa shi ya fi cinyewa. A cire taya a duba. Motoci irin su BMW, Mercedes da Porsche suna kunna maka fitila a dashbod. Idan kuwa ƙarar ta koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe, ajiye motar. Duk kilomitar da ka ƙara, diski kake ci.

Na biyu, ka san wane birki ne a ƙafar motarka. Nan mutane suke yin asara. Sunan mota ɗaya, shekara ɗaya, amma birki daban. Akwai Mustang mai ƙaramin kalifa, wato gidan da ke riƙe fad yana matse shi a jikin diski, akwai wadda ta zo da na Brembo, kamfanin Italiya, mai fistin shida masu tura fad a gaba. Haka Camaro, haka Challenger. Kada ka tsaya a kan "Mustang 2016" kawai. Kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ɗauki hoton kalifan, in da hali ka riƙe tsohon fad ɗin a hannu. Mai Porsche kuma ya kula: in kalifansa rawaya ne, yawanci alama ce ta diskin kabon da siramik. Fad ɗinsa na musamman ne, diskin kuma guda ɗaya dubban daloli ne, bugun ƙarfe kaɗan yana iya ɓantare shi.

Sai saye. Kaduna garin Peugeot ce tun 1975 da aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kuma in kayan 406 ne ko Toyota ko Honda, kasuwar Panteka ba za ta ba ka kunya ba. Na motar gudu sai an dace. Mu mun zaga rumfa-rumfa, kowa ya karɓi tsohon fad ɗin ya jujjuya, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai dai a yo oda." Odar daga Apo ce a Abuja, ko Ladipo a Legas, a sako maka a mota ka karɓa a tasha. In can ma babu, sai Dubai ko Amurka, ka jira makonni. Saboda haka kada ka bari sai fad ya ƙare ƙarƙaf kafin ka fara nema.

Wani dattijo a rumfarsa ya ciro mana wanda ya kusa yin daidai, ya ce a ɗan goge gefensa da injin wasa ƙarfe zai shiga. Muka yi masa godiya muka wuce. Ba a yi wa birki kwaskwarima. Fad na gwanjo ma ban yarda da shi ba, ko da mai shago ya rantse daga sabuwar mota aka ciro shi. Bamba ko fitila, saya gwanjo abinka. Abin da zai tsayar da kai in Keke Napep ta faɗo maka a Kawo, a'a.

Iri uku za a yi maka tayi. Na siramik ba ya yawan ƙara, ba ya baƙanta rim da ƙura. Mai haɗin ƙarfe ya fi jure zafi da kamu, amma yana da ƙura kuma ya fi cin diski. Na uku na filin tsere ne, kuma shi ne samari suke kwaɗayi don sun ji an ce ya fi kowanne. Bai dace da kai ba. Sai ya yi zafi sosai yake kamawa da kyau, kai kuma rabin tafiyarka cunkoson Ahmadu Bello Way ce. Ka tsaya a kan wanda kamfanin motar ya sa, ko na sanannun masu yi kamar Brembo, Akebono, Textar, ATE ko Ferodo. Jabu ya yi yawa, kwalinsa ma wani lokaci ya fi na gaske kyalli. In farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ainihin maganar. Kada ka karɓi jimla ɗaya daga bakin bakanike. Ka ce a rubuta maka kowane abu da kuɗinsa. Fad ana sayar da shi saiti ne, guda huɗu na ƙafa biyu, kuma dole a canza hagu da dama tare. Na gaba ya fi saurin ƙarewa don shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa, sau da yawa na baya yana da sauran rai, ba sai ka taɓa shi ba. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ba ya kwana wuri ɗaya. Don haka ka duba kuɗin saitin da dala a intanet, ka buga da canjin ranar. Mu ƙaddara saitin dala 200 ne, dala kuma naira 1,500: naira 300,000 ke nan, kafin kuɗin dako da ribar mai kawowa. Wannan ne ma'auninka in an faɗa maka farashi.

A kan wannan sai ka ɗora sauran. Idan motar mai sensa ce, wato 'yar na'urar da ke kunna fitilar dashbod in fad ya ƙare, kuma fitila ta riga ta kama, sensar ta cinye, sai sabuwa. Man birki ana so a canza shi duk shekara biyu, saboda yana tsotsar danshi. Man birki nau'in DOT 4 sabo yana jure zafin digiri 230 kafin ya tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, sai ka taka feda ka ji ta yi laushi kamar burodi. Babban abin da ke fasa aljihu shi ne diski. A jikinsa akwai rubutu, MIN TH, da lamba a gaba: iyakar sirantar da aka yarda ya yi. A auna a gabanka. In bai kai iyakar ba, babu zurfafan layuka, sitiyari ba ya rawa in ka taka birki, bar shi. In ya wuce, sai biyu za ka saya, kuma kuɗinsu kan ninka na fad. Kuɗin aiki shi ne mafi ƙanƙanta a takardar, kuma a nan ne bai kamata ka yi ƙoro ba.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. Mu mun ɗan juya baya muna sayen ruwa, yaron gareji ya cusa jak ƙarƙashin robar gefen motar, sai ji muka yi ƙas. Motar gudu a ƙasa take, tana da wuraren da aka ware don ɗaga ta, suna cikin littafinta. Bayan an ɗaga a sa mata abin tokare, kada a bar ta a kan jak kaɗai. A buɗe murfin man birki kafin a mayar da fistin ciki, a tura su a hankali, ba da ƙarfen taya ana dannawa a jikin diski ba. Idan birkin hannun motarka maɓalli ne, dole a sa shi a yanayin gyara, galibi da kwamfuta, kafin a taɓa ƙafar baya. In oga ya ce zai yi dabara, ɗauki motarka. A wanke kalifa, a shafa giris na birki a bayan fad da wurin da yake zamewa, kada ko ɗigo ya taɓa fuskarsa. Notin taya a ɗaure shi da sifana mai awo, ba yaro ya hau kai yana tsalle ba.

An sauke mota? Kada ka sa giya. Taka birki sau da yawa har fedar ta yi tauri, domin takun farko fanko ne, mutane sun sha shiga bangon gareji a haka. Duba man birki, rufe murfi.

Saura a sa fad da diski su saba da juna. Nemi titi mai faɗi da babu jama'a, bayan sallar asuba ya fi. Kai gudun kilomita 60, taka birki da ɗan ƙarfi ka sauko wajen 10, kada ka tsaya cak, ka sake hawa. Yi haka kamar sau takwas ko goma. Za ka ji ɗan ƙauri, ba komai. Sannan ka yi ta tafiya 'yan mintuna ba tare da taka birki ba don ya huce, kuma kada ka danne feda a tsaye alhali diski na da zafi, yana barin tabo da zai sa sitiyari rawa. Kwanakin farko a bi shi a hankali.

Namu ya tsaya a fad ɗin gaba, man birki da kuɗin aiki, diskin ya tsira da kyar. Robar da jak ya fasa kuwa har yau tana ɗaure da waya, ƙanina ya ce sai bayan Sallah.