Kurakuran da aka fi yi a ziyarar ƙananan gidajen tarihi na tsakiyar Amurka

A yankin da Amurkawa ke kira Midwest, wato jihohi 12 na tsakiyar ƙasar irin su Ohio, Indiana, Illinois, Iowa da Minnesota, da wuya ka sami gundumar da ba ta da ƙungiyar tarihi da ɗan gidan adana kayan tarihi nata. Wani yana cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wani a tsohon gidan yari, wani kuma a ɗaya daga cikin ɗakunan karatun da attajiri Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina su. Na daɗe ina zagaya su, kuma na gaji da ganin 'yan'uwanmu sababbin zuwa, ɗalibai da ma'aikata, suna dawowa daga irin wannan ziyara suna cewa ba su ga komai ba, alhali kuwa laifin daga shirinsu ne.

Babban kuskure shi ne a kama hanya ba tare da an buga waya ba. Wannan ya taɓa ci mini tuwo a ƙwarya, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci. A wani watan Janairu na ɗauki iyalina da wani baƙo da ya zo mana daga gida, muka yi tafiyar awa uku a mota zuwa wani ƙaramin gari, saboda na ga lokutan buɗewa a intanet na kuma gaskata su. Da muka isa, dusar ƙanƙara ta rufe matakalar ƙofar, babu sawun kowa a kanta, ga wata takarda an manna a jikin gilashi tana cewa sai watan Mayu. Yara na rawar sanyi, baƙona kuma saura kwana biyu ya koma, ranar ke nan kaɗai da muka ware masa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, yawancin waɗannan gidaje masu aikin sa kai ne ke riƙe da su, galibi tsofaffin da suka yi ritaya, kuma kuɗin ɗumama tsohon gini a hunturu ya fi ƙarfin ƙungiyar. Saboda haka da yawa daga cikinsu sukan buɗe ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, wasu ma kwana biyu ko uku kawai a mako, da rana. Tun daga ranar ba na tayar da mota sai na ji muryar mutum a waya. Idan ba a ɗauka ba nakan bar saƙo, in duba shafinsu na Facebook, wanda ya fi komai zama sabo a wurinsu. Sau da dama ma wanda ya kira ni yakan ce zai zo ya buɗe mana musamman.

Haɗe da wannan akwai batun agogo. Illinois tana bayan yawancin Indiana da awa ɗaya, don haka wanda ya taso daga Illinois ya nufi gabas yana lissafin zai isa ƙarfe uku, zai tarar ƙarfe huɗu ta yi, ana rufe ƙofa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin na rashin tarbiyya ne. Mutum zai shiga, dattijuwar da ke zaune a bakin ƙofa ta tashi da fara'a za ta zagaya da shi, sai ya ce ba sai ta damu ba, ya ɗaga waya ya ɗauki hotuna goma, cikin minti ashirin ya fice. Haba jama'a! Mu da muka tashi muka san cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yaya za mu zo ƙasar wasu mu riƙa kauce wa tsofaffi? Abin da ke cikin akwatunan gilashi kusan iri ɗaya ne a ko'ina: garma, keken ɗinki, kakin soja, dutsen guga, kayan makaranta. Abin da ya bambanta gari da gari yana bakin mai tsaron wurin. Na taɓa gaishe da wata tsohuwa yadda ya kamata, na tambaye ta ko a garin aka haife ta. Sai ta ɗauko tarin makullai daga aljihun rigar sanyinta, ta buɗe wata doguwar durowa, ta shimfiɗa taswirar gundumar da aka rubuta sunan mai kowace gona a kai, ta ɗora yatsa a kan gonar kakanta. Daga nan muka kwashe awa biyu tana ba ni labarin yadda zuwan layin dogo ya raya garin, da yadda rufe shi ya kwashe matasa. Al'adata yanzu ita ce gida ɗaya a yini, kuma tambayata ta farko ga mai tsaron wurin kullum ita ce wane abu ne a ɗakin nan ya fi soyuwa gare ta.

Sai dai sauraro da ladabi bai hana mutum yin amfani da hankalinsa ba. Gidaje da yawa sukan fara labari daga zuwan Turawa 'yan ci-rani, musamman bayan dokar 1862 da ta ba duk mai son noma fili eka 160, su bar 'yan asalin ƙasar da ɗan akwati ɗaya na tsinin kibiyoyin dutse, kamar ƙasar fanko ce aka tarar. Wanda ya je New Ulm a Minnesota, garin da Jamusawa suka kafa a 1854, zai ji labarin yadda mazauna suka kare garinsu a yaƙin 1862 da mutanen Dakota, ƙabilar 'yan asalin ƙasar da ke zaune a yankin. Bai kamata ya koma gida ba sai ya ƙarasa Mankato, ƙasa da tafiyar awa ɗaya, inda aka rataye mutanen Dakota 38 a ranar 26 ga Disamba na wannan shekarar, da amincewar Shugaba Abraham Lincoln. Yunwa da jinkirin biyan kuɗin da gwamnati ta yi musu alkawari a madadin ƙasarsu suna cikin abin da ya haddasa yaƙin, kuma mai ziyara yana da damar tambaya, cikin mutunci, su wa ke zaune a wurin kafin a kafa garin.

Wasu kuma suna ganin tarihin yankin bai shafe mu ba. A Ripley ta Ohio, a gaɓar kogin da ya raba jihar da Kentucky inda ake bautar da mutane a da, akwai gidan John Parker, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya kafa maƙera, ya kuma riƙa ƙetare kogin da dare yana tserar da bayi. A Kansas akwai Nicodemus, garin da baƙaƙen fata suka kafa a 1877. A Cedar Rapids ta Iowa kuwa akwai ɗan masallacin da 'yan ci-rani daga Siriya da Labanan suka kammala a 1934, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Amurka, kuma shi ma sai an yi magana da masu kula da shi kafin a je.

Sauran ƙanana ne. A riƙe tsabar kuɗi, domin wasu ba su da na'urar karɓar kati, kuma ko an ce shiga kyauta ne a jefa wani abu a akwatin gudummawa. Kada a taɓa tufafi da takardu, a kuma nemi izini kafin a kunna hasken kyamara. A sa hannu a littafin baƙi, saboda da yawan masu ziyara suke kafa hujja idan za su nemi tallafi. A tafi da guzuri, don ba kowane gari ke da abincin da za ka natsu da shi ba. A hunturu rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar suna kusa da juna, don haka nakan tafi da dardumata in nemi ɗan lungu tun da na shiga.