Yadda Za a Nazarci Mulkin Sayajirao na Baroda

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke son yin rubutu a kan Sayajirao Gaekwad na Uku, wanda ya yi sarautar Baroda a yammacin Indiya daga 1875 zuwa 1939, ya kamata ya fara da tantance iyakar ikonsa. An naɗa shi yana ɗan shekara 12, da amincewar Turawan Ingila, kuma sai a 1881 ragamar mulki ta shiga hannunsa. Wanda ya san yadda masarautar Zazzau ta zauna ƙarƙashin Razdan zai gane wannan tsari da sauri.

Daga nan sai ɗalibin ya mai da hankali kan ilimi, domin nan ne aikin sarkin ya fi nauyi. Sayajirao ya gwada tilasta karatun firamare kyauta a Amreli, wani yanki na masarautar, a 1893, kafin ya faɗaɗa shi zuwa dukan masarautar a 1906, kuma shi ya ɗauki nauyin karatun Ambedkar, wanda daga baya ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, a Amurka a 1913. A nemi littattafan tarihin Indiya a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, a gwama dokokin da ya kafa da yadda aka aiwatar da su a ƙauyuka. Bankin Baroda da sarkin ya kafa a 1908 kuwa, sakin layi guda ya ishe shi.