Yadda Ƙungiya Ke Yanke Hukuncin Riƙe Kwatabak ko Sallamarsa

A ƙwallon Amurka, kwatabak ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke jefa ta, shi kuma ke duba yadda abokan hamayya suka tsaya ya sauya dabara nan take. Shi ya sa duk watan Janairu, da an kammala wasannin kaka a NFL, babbar gasar wannan ƙwallo, sai wasu daga cikin ƙungiyoyi 32 su kaure da gardama: a riƙe shi ko a sallame shi? Magoya baya da wasan jiya suke hukunci. Manajan da ya bi su kuwa, shi ne zai rasa aikinsa. Ga yadda ake bin lamarin daki-daki.

Mataki na 1: Raba laifinsa da na wasu

Zauna ka kalli bidiyon wasannin kaka 17 ɗin, hari bayan hari. Duk jifan da ya lalace ka tambayi kanka: shi ya yi jinkiri, ko mai cafewa ne ya saki, ko kuwa mutum biyar ɗin da ke tsare shi a gaba ne suka bar ƙofa a buɗe? Kwatabak yana buƙatar kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ya saki ƙwallo. Idan tun kafin nan an riga an danne shi, ba hannunsa kake aunawa ba. David Carr, a shekararsa ta farko da Houston a 2002, sau 76 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Wa zai iya gane iyawar yaro a wannan hali?

Sam Darnold ma haka. New York Jets ta ɗauke shi na uku a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, ta gaji da shi, har aka fara yi masa kallon wanda ya gama yawo. Da ya samu koci da masu cafewa na kirki a Minnesota a 2024, ƙungiyar ta ci wasa 14.

Mataki na 2: Duba inda ya dosa

Matashi da tsohon hannu ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. Peyton Manning ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau 28 a 1998, shekararsa ta farko. Josh Allen na Buffalo bai kai kashi 53 cikin ɗari na jifa mai isa hannu ba a 2018, amma a 2020 ya haura 69. Abin dubawa shi ne ko kuskuren bara ne yake maimaitawa bana. In yana gyarawa, a yi haƙuri da shi.

Mataki na 3: Buɗe kwantiragi

A nan ne, a ganina, ainihin hukuncin yake. NFL tana da iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasa. A 2024 dala miliyan 255.4 ne. Manyan kwatabak suna karɓar sama da miliyan 50 a shekara. Wato mutum ɗaya na iya lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar, sauran 'yan wasa 52 su raba abin da ya rage. Don haka kada ka tsaya kan ko ya iya. Ka tambaya: ya iya har ya rufe giɓin 'yan wasa uku ko huɗu da albashinsa zai hana ka saya?

Sannan ka lissafa kuɗin rabuwa. Ladan sa hannu da aka ba ɗan wasa ana rarraba shi ne a lissafi kan shekarun kwantiragi, to in ka sallame shi da wuri, ragowar ta dawo kanka ko da yana wasa a wani gari. Denver ta ɗauko Russell Wilson daga Seattle a 2022, ta sallame shi a Maris 2024, ta ɗauki nauyin dala miliyan 85 a lissafinta. Ta haɗiye, ta ɗauki matashi Bo Nix, kuma a kakar ta shiga zagayen fitar da gwani. Cleveland kuwa ta ba Deshaun Watson miliyan 230 da alƙawarin biya duka ko me ya faru, ta ɗaure kanta da kanta.

Mataki na 4: Saurari likita, amma fiye da ɗaya

Rauni ba lallai ne ya zama ƙarshen ɗan wasa ba: San Diego ta bar Drew Brees ya tafi bayan ya ji rauni a kafaɗa a ƙarshen kakar 2005. New Orleans ta yi kasada da shi, ya ɗauko mata kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, a Fabrairun 2010.

Mataki na 5: Faɗi sunan magajinsa

Kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari. In ba ka iya kiran sunan wanda zai tsaya a gurbinsa ranar wasan farko, ba ka shirya sallama ba. Kansas City ta nuna yadda ake yi: tana da Alex Smith yana ci mata wasa, duk da haka ta ɗauki Patrick Mahomes na goma a 2017, ta zaunar da shi a benci yana koyo, tana ganinsa kullum a atisaye. Sai da ta tabbata sannan ta miƙa Smith ga Washington. A 2018 Mahomes ya zama gwarzon gasar. Ga kuma ribar matashi: kwantiraginsa na farko shekara huɗu ne a kan kuɗi kaɗan, sai ka samu sararin ƙarfafa sauran gurabe.

Mataki na 6: In shakka ta rage, sayi lokaci, amma sau ɗaya

Wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa, ƙungiya na da damar ƙara masa shekara ta biyar. Akwai kuma dokar da ke ba ta ikon riƙe ɗan wasa guda na shekara ɗaya a kan albashi mai tsoka, ko bai so ba. Yi amfani da shekarar ka gyara masu tsaronsa, ka ba shi mai cafewa, don uzuri ya ƙare ka ga zahirinsa. Kada dai ka mai da ita al'ada. Washington ta riƙe Kirk Cousins ta wannan hanya a 2016 da 2017, ta biya shi kusan dala miliyan 44 a shekara biyun, a 2018 ya kama hanyar Minnesota ba tare da ta karɓi ko ɗan wasa ɗaya daga can a madadinsa ba.